Darasi: Dafin Bakteriya da Zawon Ƙananan Dabbobi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya bayyana yadda dafin da wasu ƙwayoyin cuta ke fitarwa a cikin hanji yake haddasa zawo, ya bambanta dafin da ke tatse ruwan jiki da wanda ke lalata naman hanji, sannan ya san matakan da mai kiwo zai ɗauka tun kafin cuta ta shigo turke da kuma bayan ta shigo.

Kiwon cikin gida a Tarauni

Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ta ƙunshi Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji, yanki ne na birnin Kano mai cunkoson jama'a, amma duk da haka kiwo bai bar gidajenta ba, domin da wuya a rasa akuya ko tunkiya a lungu, kuma idan Babbar Sallah ta gabato sai a ga raguna a turke a ƙofar gida da zaure da bayan ɗaki. Yawancin dabbobin nan ana sayo su ne daga kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, ko daga manyan kasuwannin da ke ciyar da Kano irin su Wudil da Maigatari, kuma ga mata da yawa su ne asusun da ake juyawa a kansa idan hidimar aure ko suna ko kuɗin makaranta ta taso. Kiwon birni yana da sharuɗɗan da suka sa cututtukan ciki ke samun sarari: wurin ɗauri ƙarami ne, kashi da fitsari suna taruwa kusa da abinci, abincin kuma ya fi karkata ga dusa da tsaki da ragowar tuwo maimakon ciyawa.

Zawo yana cikin manyan abubuwan da ke kashe maruƙa da 'ya'yan tumaki da na awaki a makonnin farko na rayuwarsu, kuma musabbabansa suna da yawa, akwai tsutsar ciki, akwai ƙwayoyin bairos, akwai wasu halittu masu ƙwayar halitta ɗaya da ke zama a bangon hanji. Wannan darasi ya taƙaita ne a kan kashi guda, wato zawon da bakteriya ke haddasawa ta hanyar dafi, saboda fahimtarsa ce ke bayyana dalilin da ya sa ruwa da abinci da rigakafi suka fi allurar magani muhimmanci.

Bakteriya, dafi da aikin hanji

Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita, kuma tana hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu. Nau'in da ake kira Escherichia coli, ko E. coli a taƙaice, wanda likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ya bayyana a 1885, yana iya rabewa duk bayan minti 20 idan ya samu ɗumi da abinci, ta yadda ƙwaya ɗaya kan iya zama sama da miliyan biyu cikin awa bakwai. Mafi yawan bakteriyar da ke cikin hanjin mutum da na dabba ba ta da lahani, wata ma tana taimakawa wajen narkar da abinci, sai dai wasu 'yan nau'o'i suna ɗauke da umarnin halitta na sarrafa dafi. Abin da ake nufi da dafi a nan shi ne sinadari, galibi daga dangin furotin, wanda ƙwayar cuta ke fitarwa, ya shiga ƙwayoyin jikin dabba ya sauya aikinsu ko ya kashe su, kuma ƙanƙanin abu daga cikinsa ya isa ya yi ɓarna.

Hanji yana aiki biyu a lokaci guda, yana zubo ruwa don a narkar da abinci, yana kuma tsotse ruwan ya mayar cikin jini. A jikin baligin mutum, kimanin lita takwas zuwa tara na ruwa ke ratsa hanji kowace rana idan aka haɗa abin da aka sha da yawu da ruwan tumbi da na matsarmama, amma abin da ke fita tare da bayan gida bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Ruwa ba ya tafiya shi kaɗai, gishiri yake bi: inda sinadaran sodiyam da kuloraid, waɗanda su ne suka haɗu suka zama gishirin miya, suka nufa, can ruwa ke nufa. Saboda haka duk abin da ya sa bangon hanji ya daina tsotsar sodiyam, ko ya riƙa fitar da kuloraid ba ƙaƙƙautawa, ya juya akalar ruwan jiki gaba ɗaya zuwa waje.

Dafin da ke tatse ruwa

Likitan Indiya Sambhu Nath De ne ya nuna a 1959, a birnin Kalkata, cewa ruwan da aka raini ƙwayar kwalara a ciki, bayan an tace an fitar da ƙwayar kanta, yana cika hanjin zomo da ruwa, wanda ya tabbatar da cewa dafi ne ke haddasa gudawar. Ba a jima ba likitocin dabbobi suka gano irin wannan a cikin E. coli. Ko da yake kiwon alade ba ya cikin al'adar Hausawa Musulmi, a kan 'ya'yan alade aka gudanar da mafi yawan binciken, domin zawon jarirai yana jawo wa gonakin Turai da Amurka babbar asara. A 1967 H. Williams Smith da Sheila Halls suka nuna a Ingila cewa wasu nau'o'in E. coli da aka samo daga alade da maruƙa da 'yan tumaki suna fitar da dafi mai tara ruwa a hanji, a 1969 kuma Gyles da Barnum suka bayyana a Kanada wani dafin na biyu wanda zafi ke lalatawa.

Daga nan aka san dafi iri biyu. Na farko ƙarami ne ƙwarai, yana jure tafasa, kuma shi ne aka fi samu a maruƙa da 'yan tumaki; yana maƙalewa a fuskar ƙwayar bangon hanji ya tura saƙo ciki, sai ƙofar kuloraid ta buɗe, tsotsar sodiyam ta ragu. Na biyu babba ne, zafi yana kashe ƙarfinsa, kuma a siffa da aiki ɗan'uwan dafin kwalara ne: ɓangarori biyar nasa suna kama bangon ƙwayar, ɓangare ɗaya kuma ya kutsa ciki ya danne makunnin da ke sarrafa fitar ruwa, ya bar shi a kunne, tamkar famfon da aka buɗe aka cire kansa aka tafi da shi. Ƙwayar da abin ya shafa ba ta komawa daidai, sai dai jiki ya maye gurbinta da sabuwa, abin da kan ɗauki kwana uku zuwa biyar. A duk tsawon wannan lokaci bangon hanji yana nan lafiya lau a ido, babu gyambo babu jini, ruwa ne kawai ke tsiyayewa.

Dafi shi kaɗai bai isa ya haddasa cuta ba, domin motsin hanji kan wanke bakteriya ya fitar da ita kafin ta yi yawa. Nau'o'in da ke cutarwa suna da wasu siraran gasu a jikinsu waɗanda suke manne wa bangon ƙaramin hanji da su, kuma kowane irin gashi yana da dabbar da ya dace da ita: wanda aka sa wa suna K88 yana kama hanjin alade, K99 kuma ya fi kama na maruƙa da 'yan tumaki. A 1971 Smith da Linggood suka nuna cewa sai ƙwaya ta haɗa gashin manni da dafi sannan take haddasa zawo mai tsanani. Wurin da K99 ke kamawa yana raguwa da sauri yayin da maraƙi ke girma, shi ya sa wannan zawo ya fi afkawa a kwanaki uku ko huɗu na farko bayan haihuwa. Alamominsa su ne kashi mai ruwa-ruwa fari ko rawaya, jiƙewar wutsiya da cinyoyi, ƙin tsotso, faɗawar idanu, da sanyin kunnuwa da ƙafafu, kuma jariri na iya mutuwa cikin yini guda.

Dafin da ke lalata nama, da ragon layya

Rukuni na biyu na dafi yana fitowa daga Clostridium perfringens, bakteriyar da ke zaune a ƙasa da taki da hanjin dabbobi masu lafiya, wadda ba ta son iska, kuma idan yanayi ya yi mata tsanani takan dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta daɗe a ƙasa. Tana cikin bakteriya mafi saurin hayayyafa da aka sani, domin tana iya rabewa cikin kimanin minti goma. An kasa ta gida-gida bisa ga dafin da kowane gida ke fitarwa, ana kiran su da haruffan boko, dafin kuma da haruffan Girkanci.

Gidan B da na C suna fitar da dafin beta, wanda ke kashe bangon hanji ya haddasa zawo mai jini a jariran tumaki da shanu da alade. Wannan dafi ba ya jure tiripsin, wato sinadarin narkar da furotin da ke zuba cikin ƙaramin hanji, saboda haka babbar dabba takan narkar da shi tamkar abinci, amma jariri yana da ƙarancin tiripsin, nonon farko ma yana ɗauke da abin da ke dakushe shi. An ga irin wannan a cikin mutane a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, inda yaran da abincinsu na kullum dankalin Hausa ne, wanda shi ma yake dakushe tiripsin, suke kamuwa da ruɓewar hanji bayan bukukuwan cin nama, har sai da rigakafin dafin beta ya rage cutar ƙwarai daga 1980.

Gidan D shi ne ya fi shafar mai kiwon turka a Kano. Dafinsa, mai suna efsilon, yana fitowa ne ba shi da ƙarfi, tiripsin ne ke yanke wani ɓangare nasa ya mayar da shi ɗaya daga cikin dafi mafi haɗari da bakteriya ke yi, don haka ba ya barin manyan dabbobi. Yadda abin ke faruwa shi ne, ragon da ya saba da kiwon daji da harawa, idan aka kawo shi birni aka cika masa kwano da dusa da gero da masara da ƙanzo a rana ɗaya don ya yi saurin ƙiba kafin Sallah, bakteriyar tumbinsa ba ta saba da wannan abinci ba, sai sitacin da bai narke ba ya wuce zuwa ƙaramin hanji, inda Clostridium ke samun abinci ta ninka ta zubo dafi. Dafin yana ratsa bangon hanji ya shiga jini, ya huda ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da huhu da ƙoda. A tumaki sau da yawa ba a ganin zawo sosai: rago mafi ci da ƙiba a turke shi ne ake tarar da shi ya mutu da safe, ko a gan shi yana tangaɗi, yana cizon haƙora, yana banƙare wuya, yana shure-shure, idan an feɗe kuma a samu ƙodarsa ta yi laushi da wuri. A awaki kuwa cutar ta fi zuwa da zawo mai majina da jini da ciwon ciki. Cin hatsi fiye da kima yana haddasa wata larurar daban, wato tsamin tumbi, kuma su biyun kan haɗu, amma matakin kariyarsu ɗaya ne.

Matakin shi ne a sauya abinci sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, a fara da ɗan hatsi kaɗan ana ƙarawa, a raba shi sau biyu ko uku a yini, kada kuma a taɓa yanke harawa ko busasshiyar ciyawa. Haka nan a rufe buhun dusa da na hatsi inda dabba ba za ta kwance ta faɗa musu ba. Mataki na biyu shi ne rigakafi, wanda ake yi da dafin da aka kashe wa ƙarfi da sinadarin fomalin, dabarar da Gaston Ramon ya samar a Cibiyar Pasteur ta Faransa a farkon shekarun 1920. Ana yin allura biyu da tazarar mako huɗu zuwa shida, sannan a riƙa maimaitawa, awaki kuma suna buƙatar maimaici fiye da tumaki saboda kariyarsu ba ta daɗewa. Wannan lissafi ya nuna cewa mai son turke rago ya kamata ya nemi likitan dabbobi tun watanni biyu kafin ya tsananta ciyarwa.

Dakashi

Jaririn mutum yana samun garkuwa daga jinin uwarsa ta mabiyiya tun yana ciki, amma mabiyiyar saniya da tunkiya da akuya da alade ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa, saboda haka 'ya'yansu suna faɗowa duniya kusan babu kariya. Garkuwarsu tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Hanjin jariri yana iya tsotse waɗannan sinadarai ɗungurungum zuwa cikin jini a awannin farko kaɗai. Ikon yana raguwa sosai bayan awa shida, kuma ya kusa ƙarewa bayan awa 24. Ƙa'idar da ake bi ita ce jariri ya sha dakashin da ya kai kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a yinin farko, rabi mai tsoka daga ciki a awanni shida na farko, wato kimanin lita biyu ga maraƙi mai kilo 20, ko mililita 200 ga ɗan akuya mai kilo biyu. Idan uwa ta ƙi ɗanta, ko 'yan biyu ne ɗaya ya fi ƙarfi, sai a tatsa a ba shi. Uwar da aka yi wa rigakafi makonni kaɗan kafin haihuwa tana zuba garkuwar dafin beta da efsilon a cikin dakashinta, ta haka allura ɗaya ke kare biyu. Dakashi yana aiki ne tare da tsabta, don haka wurin haihuwa ya zama busasshe, a kwashe taki, a ɗaga kwanon ruwa da na abinci daga ƙasa, a kuma ware sabuwar dabbar da aka sayo na 'yan makonni.

Jinya: ruwa kafin allura

A zawon da dafi mai tatse ruwa ya haddasa, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishiri da kuma tsamin jini. Ana gwada ƙarancin ruwa ta hanyar jan fatar wuya a saki: idan ta daɗe ba ta koma ba, idanu kuma sun faɗa, dabba ta rasa kimanin kashi takwas zuwa goma cikin ɗari na nauyinta, wanda a maraƙi mai kilo 20 ya kusa lita biyu, idan kuwa ya wuce kashi 12 mutuwa ta kusa. Abin da ya sa magani ta baki ke yiwuwa shi ne bangon hanji yana da wata ƙofa ta daban wadda ke shigar da sodiyam tare da sukarin gulukos, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960, kuma dafin bai taɓa wannan ƙofa ba. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari, wanda likita Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijira da shi daga kwalara a kan iyakar Indiya lokacin yaƙin Bangaladash na 1971.

Akwai bambanci guda da mai kiwo zai kiyaye. Hanjin maraƙi da na ɗan tunkiya da ɗan akuya ba ya narkar da sukarin shayi, wanda kan ƙara zawon, don haka gulukos ake sa musu, kuma ƙunshin garin da aka haɗa musamman don dabbobi ya fi dacewa saboda yana ɗauke da abin da ke gyara tsamin jini. Ana bayarwa kaɗan-kaɗan a kai a kai tsakanin lokutan tsotso, ba tare da an hana nono ba. Dabbar da ta kwanta ba ta iya tsotso ba a ɗura mata, gudun kada ruwan ya faɗa huhu, ƙarin ruwa ta jijiya take buƙata a hannun likita.

Magungunan kashe bakteriya ba sa warware dafin da ya riga ya kama, kuma ba su da tasiri a kan bairos ko tsutsa. Suna da muhalli idan akwai zazzaɓi ko jini a kashi ko alamar cuta ta shiga jini, likita ne kuma zai tantance. Yawan amfani da su barkatai yana haifar da bakteriya mai bijire wa magani: a 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton samun E. coli a alade mai ɗauke da umarnin halitta na jure kolistin, wanda ke iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata, alhali kolistin yana cikin magungunan ƙarshe da asibitocin mutane ke komawa gare su. A Nijeriya, gwajin gano musabbabin cutar dabbobi aiki ne na cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Alaƙa da lafiyar mutane

Kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa, tana aiki da irin makunnin da aka bayyana a sama, kuma mai ita na iya rasa lita guda na ruwa cikin awa ɗaya. A 2021 Nijeriya ta samu fiye da mutum 110,000 da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara ba daga dabbobi take zuwa ba, daga ruwa da abincin da bayan gidan mutum ya gurɓata take, shi ya sa ta fi yawa da damina idan magudanai suka cika suka malala kusa da rijiyoyi. Amma akwai wani nau'in E. coli mai lamba O157, wanda aka gane a Amurka a 1982, da ke zama a hanjin shanu da tumaki ba tare da ya cutar da su ba, idan kuwa ya shiga mutum ta ɗanyen nono ko naman da bai dahu ba ko hannun da ya taɓa kashi, dafinsa kan haddasa zawo mai jini ya kuma lalata ƙodar yara.

Don haka wanke hannu da sabulu bayan gyaran turke, dafa nono, binne mushe, da nesanta turke daga rijiya da madafa duk suna cikin aikin kiwo. Yaron da ke gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ko na ƙunshi, ko a haɗa rabin ƙaramin cokali na gishiri da shafaffun ƙananan cokula shida na sukari a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a ci gaba da ba shi nono, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan akwai jini, ko yawan amai, ko kasala, sai a garzaya asibiti mafi kusa, wanda kan tura masu tsanani zuwa manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kan titin Zariya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin dafin E. coli da na Clostridium perfringens a cikin hanji?
2. Me ya sa zawon K99 ya fi kama maraƙi a kwanakinsa na farko?
3. Ta yaya sauya abinci farat ɗaya ke kai ragon turka ga mutuwa, kuma wane tsarin ciyarwa ne ke hana haka?
4. Dakashi nawa ɗan tunkiya mai kilo uku yake buƙata a yinin farko?
5. Me ya sa ruwan gishiri da gulukos ke aiki alhali dafi yana cikin hanji?
6. Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya duba turke ɗaya a unguwarsu, ya rubuta nisansa da rijiya da madafa, irin abincin da ake bayarwa, da gyare-gyare uku da za a iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.